Kafin Ka Sayi Gidan Haya, Leƙa Bayan Gida

A Kano, idan mutum ya samu kuɗi a dunƙule, na gado ne, ko na sallama daga aiki, ko ribar wata kasuwa da ta faɗo, shawarar farko da zai ji daga manya ita ce, "Ka sa su a ƙasa." Ta biyu kuwa, "In da hali ka nemi gidan haya, kana kwance kuɗi na shigowa." Ta farkon ba ni da ja a kanta. Ta biyun ce nake da magana, domin ni ke kula da wani gidan haya da muka saya ni da yayata bayan rabon gadon mahaifinmu, kuma tun da makullansa suka shigo hannuna ban ga kwanciyar da ake faɗa ba.

Gidan yana bayan titin Zariya, wajen Na'ibawa. Tsohon ginin bulo ne mai layi biyu: ɗaki huɗu a dama, huɗu a hagu, suna kallon juna, doguwar tsakar gida a tsakani, banɗaki biyu da madafa ɗaya a ƙurya, sai shago a waje yana kallon layi. Duk wanda ya taɓa shiga Sabon Gari ko Fagge ko Birged ya san wannan fasali. Wanda ya gina shi burinsa ya cusa ɗakuna iya abin da fili zai ɗauka, sauran buƙatun zaman duniya kuma a yi maneji da abin da ya rage.

Dillali idan zai sayar maka da irin wannan gida, ɗakuna yake ƙirga maka. "Alhaji, ɗaki takwas ne da shago, yi lissafi da kanka." Kai ma sai ka zaro waya ka ninka kuɗin ɗaki sau takwas, ranka ya yi fari. To ɗaki ba shi da fitina. Wanda ke cikinsa shi zai share shi, shi zai lura da ƙofarsa, in taga ta lalace shi zai fara toshe ta. Abin da ke cinye kuɗin mai gida, ya kori ɗan haya na kirki, ya sa a riƙa kiranka a waya bayan sallar isha'i, shi ne abin da kowa ke amfani da shi amma babu mai shi: banɗaki, kwata, rijiya, mitar wuta, ƙofar gida, har igiyar shanya. Can ya kamata mai saye ya fara leƙawa, can kuma ya kamata kuɗin gyara su fara zuwa.

Amma kafin a kai ga leƙe, akwai maganar takarda. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta. Abin da mutum ke riƙe da shi a birni izinin zama ne, galibi na shekara 99 in gidan zama ne, kuma sauya sunan mai gida a takardar mallaka sai da amincewar gwamna. A Kano, KANGIS ake zuwa a duba fayil, a ga ko sunan da ke ciki shi ne na mai sayarwa, ko an jinginar da takardar a banki, ko ana bin filin kuɗin ƙasa. Izinin gini kuwa na KNUPDA ne. Sai dai yawancin gidajen haya na unguwannin talaka ba awon gwamnati ba ne, awon igiya ne, takardarsu ita ce ta ciniki mai sa hannun shaidu da hatimin mai unguwa ko dagaci. Wannan ba aibi ba ne, dubban mutane haka suke zaune lafiya. Abin da nake cewa shi ne farashi ya nuna bambancin, kuma a bi cinikin baya ɗaya bayan ɗaya, wa ya sayar wa wa, har a dangana da mai gonar asali. Rusau ɗin da aka yi a Kano a watan Yunin 2023, na gine-ginen da gwamnati ta ce an yi su a filayen jama'a, irin shagunan Filin Idi da ginin da aka yi a tsohon otal ɗin Daula, ya sa mutane da yawa sun koyi tambayar asalin fili kafin su tambayi kuɗinsa. Hanya ce aka ci? Gefen makabarta ne? Kududdufi ne aka cike da shara? Wannan na ƙarshen ko gwamnati ba ta taɓa shi ba, danshi zai taɓa shi.

Sannan gado. Tsofaffin gidajen haya da ke fitowa kasuwa, mafi yawansu mai su ya rasu ne, 'ya'ya suna son a raba. Nan ake samun araha, nan kuma ake samun shari'ar da ba ta ƙarewa. Babban wa ya zo da takarda ya ce shi ne wakili, ya karɓi kuɗi, bayan shekara biyu wata ƙanwa da ke aure a wani gari ta bayyana ta ce ba da saninta ba. A fiƙihun Malikiyya akwai kuma haƙƙin shufu'a: idan ɗaya daga cikin masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar da kasonsa ga bare, abokin tarayyarsa yana iya mayar wa mai saye kuɗinsa ya karɓi kason. Namu gidan ma daga hannun magada muka saye shi. Lauyanmu ya kafe sai kowane magaji ya sa hannu, ko wakilinsa a gaban shaidu, kuma sai an haɗa da takardar kotun da ta raba gadon. Ɗaya daga cikin 'ya'yan marigayin tana aure a Damagaram, sai da muka jira ta turo wakili. Dillali ya yi ta sintiri yana cewa wani Alhaji na nan da kuɗi a hannu zai ɗauke gidan. Wannan Alhaji kowane dillali yana da shi.

In so samu ne, a je ganin gida a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi. Da rani kowane gida lafiyayye ne. A tafi da birkilan da ka yarda da shi, ba wanda dillali ya kawo ba. Abin dubawa ba shi da wuyar ganewa: gindin bango, in kanwa ta ci shi filasta na zuba kamar gari, sabon fenti da aka shafa daga ƙugu zuwa ƙasa kawai, wanda ke nufin ana ɓoye wani abu, tabon yoyo a silin, gara a katakon rufi. A kuma duba tsayin tsakar gida da na layi. A unguwanni da yawa maƙwabta sun yi ta ciko har layi ya fi gida tudu, ruwan da ya kamata ya fita sai ya juyo ciki da duk abin da ya kwaso.

Akwai binciken da namiji ba zai iya ba. Ni iyakata zaure da ɗan leƙe bayan an yi sallama mata sun kimtsa. Yaya ce ta koma ita kaɗai da hantsi, lokacin da maza suka fita, ta zauna a tabarma tana taya wata tsinke zogale. Da ta fito ta san watan da rijiyar ke ƙafewa, ta san ɗakin da ke yoyo, ta san cewa masai na cika kowace damina, ta kuma san mutum biyu sun riga sun biya marigayin hayar da ba ta ƙare ba. Wannan na ƙarshe kuɗi ne tsagwaronsu, muka cire su daga farashi. Haka bashin wuta: a duba abin da ake bin mitar gidan kafin a saya.

Yanzu lissafi, wanda masu cewa a kwanta ba sa son ji. A ce ka sayi gida naira miliyan 30, yana kawo miliyan 1.8 a shekara in kowa ya biya. Kashi 6 cikin ɗari ke nan. Cire ɗakin da ya zauna babu kowa, cire wanda ya ce a yi haƙuri sai an biya albashi, cire gyara, za ka ga kanka tsakanin 4 da 5. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a watan Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8. Buhun siminti da bai kai naira 3,000 ba a farkon 2020, ya haura 10,000 a wurare da yawa a farkon 2024, bayan cire tallafin fetur da sakin naira a 2023. Kuɗin haya ba sa irin wannan gudu, domin aljihun ɗan haya ba ya yinsa. Abin da ke tsare dukiyar mai gida daga narkewa shi ne ƙasar da gidan ke kai. Haya kuwa ita ke riƙe ginin a tsaye, ta bar maka ɗan abin cefane. Shi ya sa ban ga hikimar cin bashin banki a sayi gidan haya ba. Ko an ajiye maganar riba da hukuncinta, Babban Banki ya kai ma'auninsa na ruwa kashi 27.5 a watan Nuwamban 2024, bankunan kasuwa kuma a lokacin sukan bayar sama da haka. Abin da ke kawo 5 ba zai biya 30 ba. Bankunan da ba sa ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012, suna da tsarin ijara da murabaha, amma su ma ba kyauta suke ba, lissafin nan dai sai an yi shi.

Da gidan ya zama namu, rufi muka fara taɓawa, kafin damina. Ba mu sauya kwano duka ba. Kafinta ya hau ya cire wanda ya ruɓe, ya sauya katakon da gara ta ci, aka shafa wa sauran magani, aka gyara indararo. Ba aikin da ake nuna wa baƙo ba ne, amma duk abin da za ka yi a ƙarƙashin rufi mai yoyo asara ce.

Sai masai, kuma nan zan daɗe. Ramin da muka tarar an haƙa shi ne lokacin da gidan bai cika ba. Yanzu iyali takwas ke kansa, kuma har ruwan wanki da na wanke-wanke da na wanka duk can suke gangarawa. Dole ya cika. Motar kwashe ta zo ta karɓi kuɗi, bayan 'yan watanni a sake kiranta, kowane zuwa sai an yi rigimar karo-karo: wannan ya ce shi kaɗai ne da matarsa, wancan yana da 'ya'ya shida, don me za su biya daidai? Falamban da na kira dattijo ne, ya zagaya, ya ɗaga murfi, ya ce, "Yallaɓai, ramin nan ba ƙanƙanta ce matsalarsa ba, ruwan da ba nasa ba ake ɗura masa." Muka raba hanya: ruwan wanki da na wanka aka yi musu nasu sokawe da tacewa ta tsakuwa, masai ya tsaya da nasa. Aka sa bututun fitar da wari ya haura saman rufi, aka ɗaure bakinsa da raga saboda ƙuda. Murfin kuwa na ce a zuba shi da rodi sosai, domin a gidan yara, murfin sokawe da ya tsage ba abin da za a ce sai gobe ba ne. Aka bar bakin kwashewa ta waje, ta yadda mota ba za ta jawo tiyo ta ratsa tsakar gida mata na girki ba. Muka ƙara banɗaki biyu a inda tsohon kejin kaji yake, kowane ɗaki biyu suka samu nasu da kwaɗonsu. Banɗakin mutum biyu ana sanin wanda ya ɓata shi. Na mutum takwas kowa rantsuwa yake.

Ruwa shi ne abin da ya fi komai ɗaga darajar gidan haya a Kano, ban san na biyunsa ba. Unguwanni da dama famfo ya zama ado, rayuwa ta koma hannun 'yan garuwa da kurarsu, kuma da zafi ya shigo, daga Maris zuwa Mayu, jarka takan yi tsada ta kuma yi wuya. Magidanci yana lissafa wannan kuɗi a cikin hayarsa ko bai faɗa ba. Gidan da ke da ruwa ba ya kwana babu mai nema. Amma akwai abin da masu haƙa burtsatse ba su cika faɗa ba. Masana lafiya suna son a bar tazarar kamar mita 30 tsakanin ramin masai da inda ake ɗibar ruwan sha. Fili mai ƙafa 50 tsaye 50 kwance kamar mita 15 ne kowane gefe, ga kuma ramin maƙwabci a jikin katanga. Tazarar ba za ta samu ba. Abin da ya rage shi ne a zurfafa, a sa bututu mai kyau, a toshe saman rijiyar da siminti don kada ruwan sama-sama ya zurara ciki, sannan a kai ruwan a gwada kafin a ce wa mutane su sha. Mu sola muka sa wa famfon, da tanki a kan ƙarfe, saboda janareta a gidan haya wata sabuwar rigima ce ta wa zai sayi mai. Kuɗin kula da shi muka saka cikin haya. Mun kuma fitar da kan famfo ɗaya waje don maƙwabta, safe da yamma. Yaya ta yi shi ne sadaka ga mahaifinmu. Ni kuma na lura tun daga lokacin ba wanda ke zuba shara a jikin katangarmu, kuma in baƙon ido ya tsaya yana kallon solar, kafin ya bar layin an kira ni.

Wuta kuwa, duk wanda ya zauna gidan haya mai mita ɗaya yana da labari. Bil ya zo, a zauna rabo: a ƙirga ƙwan fitila, a ƙirga fanka, a ɗora wa mai firji ƙari, sai a gano wata tana da hita a ɓoye ƙarƙashin gado, wani yana guga da tsakar dare. Mutum ɗaya ya ƙi biya, a yanke wa kowa. Da wuta na da araha ana iya haɗiye wannan. Tun watan Afrilun 2024, da aka ɗaga kuɗin masu layin rukunin A zuwa naira 225 kowane ma'auni, ba mai son ɗaukar wa wani. KEDCO ce ke raba wuta a Kano da Katsina da Jigawa, wurinta ake neman mitar kati. In kowane ɗaki zai samu tasa, shi ne mafi kyau. In ba hali, akwai ƙananan mitoci da mai wayarin ke ɗaurawa bayan babbar, kowa ya ga abin da ya sha da idonsa. Su muka sa. A wannan aikin ne muka zare tsohon wayarin, wanda an yi masa ɗori a wurare da yawa da leda, muka sa wa kowane ɗaki abin katse wuta nasa. Gobarar hunturu a gidan da ɗakuna ke manne da juna, silin ɗaya, ƙofar fita ɗaya, ba na son ko tunaninta.

Bayan waɗannan ne muka yi saɓani da Yaya. Ita tana son a fasa ɗakunan, takwas su koma huɗu, kowanne ciki da falo da banɗakinsa da ɗan kicin, irin wanda angwaye ke rububi. Ta ce, "Kai ba ka ga abin da ake yi a Rijiyar Zaki da Ɗanbare ba? Kafin fenti ya bushe an kama." Na ce, "Yaya, na gani, amma bari mu zauna da biro." A ce ɗaki ɗaya naira 80,000 ne a shekara, takwas sun ba da 640,000. Ciki da falo huɗu a kan 250,000, miliyan ɗaya ke nan. Ƙarin 360,000 ne. In aikin ya ci miliyan 5, sai an yi kusan shekara 14 kafin kuɗin su dawo, ban da watannin da gidan zai zauna fanko ana aiki. A unguwar da ke kusa da jami'a ko babban asibiti, inda ma'aikata ke neman wuri kuma suna iya biya, lissafin yana iya fita. A layinmu, inda masu haya 'yan adaidaita ne da teloli da leburorin 'Yan Katako, bai fita ba. Akwai kuma abin da biro ba ya rubutawa: iyali huɗu za a ce su kwashe kayansu, cikinsu har da wata gwauruwa mai sayar da ƙosai da ta fi shekara goma a gidan ba a taɓa binta bashi ba. Muka tsaya a tsakiya. Da mutum biyu na ɓangaren hagu suka tashi don kansu, muka haɗe ɗakunansu ya zama ciki da falo ɗaya, muka ga yadda kasuwa ta karɓe shi. Ta karɓa, amma ba da rububin da ake faɗa ba.

Tayil mai ƙyalli da silin na ado da fitilu masu launi, waɗannan ban sa musu ko kwabo ba. Amarya in za ta tare, danginta za su zo jere, su sake fenti da launin da suke so, su buga ƙusa duk inda suka ga dama. Abin da 'yan jere ke dubawa shi ne ko gado da kujeru za su shiga, ko ƙofa na da ƙwari, ko akwai ruwa. Daɓe mai kyau da ƙofar ƙarfe da taga mai raga sun ishe ni.

Zaɓen wanda zai shiga ya fi kowane gyara wuya, domin shi ba a sayo shi a Ƙofar Ruwa. Zo mu zauna zo mu saɓa ne, ko a gidan 'yan'uwa, balle inda kowa da garinsu. Ƙa'idata ɗaya ce mai tsauri: gidan iyali na iyali ne. Saurayi ko gwauro, komai kirkinsa, in ya shiga tsakar gidan da matan aure ke wanki da girki, ya takura su sun takura shi, kuma abokansa za su zo. Wanda ke son ya haɗa biyun sai ya fitar wa ɗakin samari ƙofa ta waje da banɗakinsa. Ban damu da garin mutum ko yarensa ba, a gidan akwai Bayarabe akwai Babarbare. Ina tambayar sana'arsa, da inda ya taso, da dalilin tasowarsa, kuma ina neman wanda zai tsaya masa, mutumin da aka sani a unguwa. Shagon waje ma haka. An zo da kuɗi mai kyau za a sa injin niƙa, wani kuma zai sayar da gas, na ƙi duka biyun, na ba tela a kan ƙasa da haka.

Yarjejeniya a rubuce take, da Hausa, shafi ɗaya, shaidu biyu: nawa ne, yaushe ake biya, wane gyara ne na mai gida, wanne ne na ɗan haya, ba a saka wani a ɗaki ba da sanina ba. Kowane biya da rasit. Wannan zai ƙara muhimmanci, domin sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a 2025 ta ba mai biyan haraji rangwamen kashi 20 na hayar da yake biya a shekara, iyaka naira 500,000, ma'aikata kuwa za su riƙa neman shaidar biya. Game da karɓar hayar shekara biyu a dunƙule, Legas ta hana tun dokarta ta 2011, amma ni ko ba doka ba na so. Kuɗin suna shigowa a kashe su, a shekara ta biyu gida na neman gyara babu abin yi, farashin komai kuma ya tashi kai kana kan tsohon kuɗi.

Idan zama ya ƙi, akwai hanya. Abin da aka saba a dokokin Najeriya, in yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, mai biyan shekara notis ɗin wata shida ake ba shi, mai biyan wata kuma wata ɗaya, bayan ya cika a ƙara na kwana bakwai, sannan kotu. Cire ƙofa, ko yaye kwano, ko watso kaya waje, duk mai gida ne zai kwana a ciki. Ko gwamnatin Legas da ta fitar da Ojukwu daga wani gida a Ikoyi da ƙarfi alhali magana na gaban kotu, Kotun Ƙoli ba ta raga mata ba a 1986. Ni dai ban taɓa kaiwa kotu ba. Mai unguwa da limamin layi da wanda ya tsaya wa mutum sukan gama magana a zaure. Wani lokaci yafe wata biyu a ba mutum kuɗin mota ya fi arha a kan shari'a.

Ƙarin haya ina yinsa, ba zan ɓoye ba, amma kaɗan-kaɗan, kuma ina faɗa tun da sauran watanni. Wanda ke biya a kan lokaci ba na kai shi farashin sabon shiga. In ya tashi, ɗakin zai yi wata ɗaya ko biyu a rufe, zan yi fenti, zan gyara kwaɗo, sannan in kawo wanda ban san halinsa ba. In ka haɗa wannan, ƙarin da ka hango ya tafi.

Daga abin da ya shigo, hayar wata biyu cikin goma sha biyu ba ma taɓa ta, ta gida ce, tana wani asusu daban. Zakka, kamar yadda malamanmu suka karantar, ba a kan ginin take ba, a kan kuɗin hayar ne in sun kai nisabi shekara ta zagayo suna hannu. Tsakanina da Yaya kuma akwai littafi, duk abin da ya shiga ko ya fita yana ciki da kwanan wata, har kuɗin ƙusa. Ita ce ta dage a yanka mini ladan kula da gida. Na ce, "Haba Yaya, tsakaninmu?" Ta ce, "Don tsakaninmun ne. Gobe 'ya'yanmu ne za su buɗe littafin nan, ba mu ba."

Maganar da ta rage ita ce ta bene. Kusan duk wanda ya ga gidan sai ya ce a zuba dakin a hau sama, fili ya yi tsada, sama kuwa kyauta ce. Birkila ma ya ce zai iya. Na kira injiniya na biya shi, ya sa aka tona gefen harsashi a wuri biyu. Ya ce an yi shi ne don ya ɗauki kwano da katako, babu ginshiƙi ko ɗaya a jikin ginin, bulon ma mai inci shida ne. In ana son bene sai an rushe an faro daga ƙasa, da zane da izinin KNUPDA. Mutanen Kano ba su manta benen da ya rufta a titin Beirut a watan Agustan 2022 ana cikin gininsa ba. Mun bar maganar sama. Kuɗin da muka tara za su tafi ne ga ɗaga daɓen tsakar gida da sake kwatar waje kafin ruwan bana ya sauka, domin maƙwabcinmu na gabas ya sake yin ciko.